Ƙarfen da ke ɓoye cikin kanwa

Duk wanda ya saba cin kasuwa a ƙasar Faskari, ko Ƙanƙara, ko Sabuwa, ya san layin masu kanwa. Ga ja, ga fara, ga ungurnu, an kasa su kashi-kashi a kan buhu. Uwargida ta saya ta jefa a tukunyar wake don ya yi saurin nuna, ko ta sa a miyar kuɓewa don yauƙi ya fito. Makiyayi ya saya ya jiƙa wa shanu. A gidan da aka yi haihuwa kuwa a dama wa mai jego kunu da ita. Cikin duk masu sayen nan da wuya a sami wanda zai kalli dunƙulen ya ce akwai ƙarfe a cikinsa, alhali kuwa akwai. Ƙarfe ne fari mai sheƙi, mai laushin da wuƙar yanka albasa za ta raba shi biyu, marar nauyin da zai nutse a ruwa. In aka jefa ɗan guntunsa a ruwan ma, sai ya dunƙule ya yi ta zarya a kai yana tsuwa, wani lokaci har wuta ta kama. Sunansa sodiyam. Shi ne a cikin kanwa, shi ne a cikin gishiri, yana nan narke a ruwan madatsar Mairuwa kamar yadda yake a ruwan kowane tafki da rijiya, yana kuma cikin jinin kowannenmu. Duk da haka ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa ganinsa da ido a siffarsa ta ƙarfe kafin shekarar 1807.

Dalilin wannan ɓuya yana tattare da wani adadi da ɗaliban sakandare ke haddacewa idan jarrabawar WAEC ko JAMB ta matso, wato yawan makamashin da ake bukata kafin a fizge ilektiron ɗaya daga ƙwayar zarra. Layi biyu ake ba su: adadin yana ƙaruwa in an bi jadawalin sinadarai daga hagu zuwa dama, yana raguwa in an gangara daga sama zuwa ƙasa. Su haddace, su rubuta, su manta. Abin yana damuna, domin layukan nan biyu sai da masana suka yi fiye da shekara ɗari suna fama kafin su same su, kuma bakin zaren labarin yana cikin kayan da fatakenmu suka daɗe suna labta wa dabbobi.

Kanwa da gishiri tsofaffin hajoji ne a ƙasar Hausa. Ayarin Abzinawa kan ratsa hamadar Tenere da dubban raƙuma zuwa Bilma, su ɗauko kantu da beza, su sauko ta Agadas da Damagaram har Katsina da Kano, su koma da gero da tufafi. Manda daga ƙasar Manga take zuwa, kanwa kuma daga Muniyo da gaɓar Tafkin Cadi. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya biyo irin wannan ayari daga Abzin ya iso Katsina a watan Janairun 1851, ya shiga Kano a farkon Fabrairu, ya ƙiyasta cewa kanwar da ke ratsa Kano duk shekara daga Barno zuwa ƙasar Nufe ba ta kasa kaya 20,000 ba, na takarkarai da dawaki da jakai. Ga kuma 'yar'uwarta da ba a zuwa nesa nema. Mata kan ƙona kara su tace tokar, su sami ruwan toka mai santsi a hannu, na sa wa miya da haɗa sabulu. Marina kuma su zuba toka a karofi don baba ya kama. Ƙarfen da ke cikin toka shi ne fotasiyam. Masu aiki da su sun san kanwa daban toka daban, sun kuma san ɗaya na iya tsaya wa ɗaya in ta kama. Masanan Turai sun daɗe suna cakuɗa su, sai a 1736 Bafaranshe Duhamel du Monceau ya nuna bambancinsu. Daga baya aka lura cewa wuta ma tana raba gardama: gishirin toka kan ba harshen wuta launin shunayya, na kanwa kuma ruwan ɗorawa. Duk wadda miya ta taɓa tafasowa ta zube mata a kan murhun gas ta ga wutar ta juye daga shuɗi zuwa ɗorawa, to ta ga sa hannun sodiyam.

Maƙeranmu na da sun iya fitar da ƙarfe daga tama da gawayi da zugazugi. Tarihin Dutsen Dala ma da masu narka tama ya fara. Amma da za a zuba kanwa a irin wannan murhu a wuni ana zuga, ba abin da za a kwasa. Ko da zafi ya tilasta wa ƙarfen fitowa, tururi yake zama, kafin a gan shi kuma iska ta cinye shi. Wuta da gawayi a irin wannan murhu ba su isa ba. Antoine Lavoisier, da ya jera sinadarai na asali guda 33 a littafinsa na 1789, ya ƙi sa gishirin kanwa da na toka a ciki, domin yana kyautata zaton haɗi ne, akwai abin da ke ƙunshe cikinsu da ba a kai gare shi ba. An fille masa kai a juyin juya halin Faransa a 1794, bai ga tabbacin zatonsa ba.

Makamin da ake jira ya zo a 1800, lokacin da Alessandro Volta na Italiya ya ƙera batir na farko. Wani saurayi mai suna Humphry Davy, da ke aiki a wata cibiyar bincike a Landan, ya haɗa manyan batura ya fara tura lantarki cikin duk abin da ya ƙi rabuwa. Da ya gwada da ruwan gishirin toka, ruwan ne kawai ya rabu, ya ba da iska biyu. Sai ya sauya dabara. Ranar 6 ga Oktoban 1807 ya ɗauki busasshen dunƙule mai ɗan danshi ya ɗora a kan farantin filatinam, ya haɗa waya sama da ƙasa. Dunƙulen ya fara narkewa, sai ga ƙananan ƙwallaye masu sheƙi irin na zaiba suna ɓullowa, wasunsu na fashewa da wuta nan take. Ɗan'uwansa da ke taimaka masa ya ba da labarin cewa Davy ya kasa riƙe kansa, ya yi ta tsalle a ɗakin don murna. Bayan 'yan kwanaki ya fitar da sodiyam ta wannan hanya, a shekara ta gaba kuma kalsiyam da magniziyam da wasu. A ƙasar Hausa ana tsakiyar jihadi a lokacin, Alƙalawa ba ta faɗi ba sai 1808.

Abin da ya fi ɗaukar hankali game da sababbin ƙarafan shi ne gaggawarsu ta komawa inda suka fito. Sai a cikin mai ake iya ajiye su, in ba haka ba iska da danshi su cinye su. Kuma gaggawar tana da tsari. Litiyam, wanda Johan Arfwedson ya gano a Siwidin a 1817, yana tsuwa a ruwa a hankali. Sodiyam ya fi shi zafi. Fotasiyam kuwa da taɓa ruwa sai wuta. A 1829 Johann Döbereiner ya lura cewa nauyin ƙwayar litiyam 7 ne, na fotasiyam 39, in aka haɗa aka raba biyu sai a sami 23, nauyin sodiyam daidai. Da Bunsen da Kirchhoff suka gano sisiyam a 1860 da rubidiyam a 1861 ta hanyar launin da suke ba wuta, suka shiga wannan dangi daga ƙasa, kuma da aka kai ga ware su sai aka tarar sun fi na sama fushi. Kowa ya ga tsanin, ba wanda ya san abin da ya kafa shi.

Dmitri Mendeleev ma bai sani ba. A watan Maris na 1869, yana rubuta wa ɗalibansa littafin kimiyya, ya jera sinadarai 63 da aka sani bisa nauyi, ya ga halaye suna maimaita kansu, ya yanka layin a duk inda maimaicin ya dawo, dangi suka faɗo ƙarƙashin dangi. Ya bar gurabe ga waɗanda ba a gano ba, ya faɗi siffofinsu tun kafin a gan su, aka kuma same su ɗaya bayan ɗaya: galiyam a 1875, sikandiyam a 1879, jamaniyam a 1886. Wannan sanannen labari ne. Wanda ba a cika ambata ba shi ne Lothar Meyer na Jamus, wanda a 1870 ya zana girman ƙwayoyin zarra a kan takarda bisa jerin nauyinsu. Zanen ya fito kamar haƙoran zarto, kuma a kan kowane tsini akwai ɗaya daga dangin nan: litiyam, sodiyam, fotasiyam, rubidiyam, sisiyam. Su ne mafiya faɗi a layinsu. Meyer ya kama rabin amsar ba tare da ya sani ba.

Sai ga wani dangi da ba wanda ya yi tsammani. A 1894 Rayleigh da William Ramsay suka ware argon daga iskar da muke shaƙa, a 1895 Ramsay ya sami hiliyam a cikin wani dutse, a 1898 shi da Morris Travers suka ƙara niyon da kirifton da zenon. Waɗannan iskoki sun ƙi haɗuwa da komai, duk yadda aka yi da su. Abin mamaki kuma, a jerin nauyi kusan kowannensu yana zaune ne dab da ɗaya daga ƙarafan nan masu gaggawa: niyon na 10, sodiyam na 11. Taki ɗaya tsakanin wanda ba ya taɓuwa da wanda ba ya zama shi kaɗai.

Ba a iya warware wannan ba sai da aka buɗe ƙwayar zarra kanta. J. J. Thomson ya gano ilektiron a 1897. Ernest Rutherford ya nuna a 1911 cewa kusan duk nauyin ƙwayar yana tattare a wata 'yar cibiya mai cajin da ke jawo ilektiron. Henry Moseley ya tabbatar a 1913 cewa lambar kowane sinadari a jadawali ita ce yawan cajin cibiyarsa. An kashe shi a fagen yaƙin Galifoli a 1915 yana ɗan shekara 27, asarar da har yau ake jin zafinta. A 1913 ɗin ne kuma Niels Bohr ya zo da ra'ayin cewa ilektiron ba ya zama inda ya ga dama, hawa-hawa aka yi masa, kuma ya lissafa makamashin da zai fitar da ilektiron ɗin haidirojin daga hawan ƙasa zuwa waje gaba ɗaya. Tambayar da Davy ya bari ta sami siffar da za a iya aunawa: da wane ƙarfi kowace cibiya ke riƙe da ilektiron ɗinta na can baki?

Aunawar ba ta zo da sauƙi ba. A 1914, shekarar da Lugga ya haɗe Kudu da Arewa, James Franck da Gustav Hertz a Balin suka riƙa harba ilektiron cikin tururin zaiba suna ƙara ƙarfin lantarki sannu a hankali. Suka ga a daidai bolt 4.9 ilektiron ɗin na rasa gudunsa kwatsam. Suka sanar cewa sun auna makamashin fizga na zaiba. Bohr ya ce a'a, wannan ɗaga ilektiron ne daga hawa zuwa hawa, bai kai ga fizge shi ba. A 1917 Davis da Goucher a Amurka suka maimaita gwajin da ƙarin dabara, suka nuna fizgar ba ta faruwa sai wajen bolt 10.4. Gaskiyar Bohr ce. Kuskuren Franck da Hertz ya zama hujja mafi ƙarfi cewa hawa-hawan nan gaskiya ne, aka kuma ba su kyautar Nobel ta 1925. Daga nan, da irin wannan harbi da kuma nazarin hasken da kowane sinadari ke fitarwa, aka cika jadawalin da lambobi.

Ga yadda ake ƙirga su. Ana ɗaukar sinadarin a matsayin tururi, ƙwayoyinsa a warwatse, a tambayi kilojul nawa za a kashe a cire wa kowace ƙwaya ilektiron ɗaya a cikin mol guda. Mol guda na sodiyam giram 23 ne, kuma amsarsa 496, kusan makamashin da zai kai ruwa lita ɗaya da rabi ga tafasa. Yanzu a bi layi na biyu na jadawali: litiyam 520, beriliyam 899, boron 801, kabon 1086, naitirojin 1402, oksijin 1314, fulorin 1681, niyon 2081. Taki ɗaya gaba, sodiyam, 496. Hawan ya sake farawa har argon a 1521, ya sake rikitowa zuwa fotasiyam a 419. Haƙoran zarton Meyer ne suka dawo a juye: inda ƙwaya ta fi faɗi, nan riƙonta ya fi rauni. A gangara dangin kanwa da toka kuma: 520, 496, 419, 403, sai sisiyam 376, mafi ƙanƙanta da aka sani. Mafi girma na hiliyam ne, 2372.

A ɗauki masu jin ɗumi da daren hunturu. Abu uku ke sa mutum ya ji wuta: girmanta, nisansa da ita, da yawan waɗanda suka tare gabansa. Cibiya ita ce wutar. In an bi layi daga hagu zuwa dama, ana ƙara mata itace ne alhali masu zuwa suna zama a sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya tare wa wani sosai; kowa sai ya ƙara jin ta, sahun ma ya ƙara matsowa. In sahu ya cika, na gaba dole ya buɗe sabo a baya. Wannan shi ne ilektiron na 11 na sodiyam: wutarsa ta fi ta niyon girma, amma goma sun tare masa gaba kuma yana nesa, ɗan abin da ke isa gare shi kaɗan ne, ba wuya a janye shi. Fotasiyam sahu huɗu gare shi, sisiyam shida.

Mai lura zai ga layin bai miƙe sumul ba. Boron ya gaza beriliyam, oksijin ya gaza naitirojin. A layi na uku ma haka: magniziyam 738, alminiyam 578, fosfaras 1012, farar wuta 1000. A aji ana kiran waɗannan wuraren keɓantattu, a ce yara su haddace su daban, kamar wani aibi ne a jikin ƙa'idar. A ganina nan ne darasin ya fi daɗi, domin ruwa ba ya tsami banza. Tuntuɓen nan biyu da ke maimaituwa a wuri ɗaya kowane layi shaida ne cewa kowane hawa yana da ƙananan rukunai a cikinsa. Rukunin farko ilektiron biyu yake ɗauka. Na uku, wato na boron ko alminiyam, yana shiga rukuni na biyu da ya ɗan fi nisa, shi ya sa ya fi sauƙin cirewa. Rukuni na biyun gurbi uku gare shi, kowanne na ɗaukar biyu, wannan kuwa dokar Wolfgang Pauli ce ta 1925. Friedrich Hund ya ƙara da cewa ilektiron kan fara zama ɗai-ɗai a gurabe kafin su yarda su haɗa gurbi. Naitirojin ya cika ukun ɗai-ɗai. Na oksijin da ya zo daga baya dole ya shiga gurbin da wani ke ciki, su biyun suna ture juna, sai cire shi ya yi sauƙi. Wanda ya fahimci wannan ba ya bukatar hadda.

Hujja ta biyu ta fi wannan ƙarfi. A cire wa sodiyam ilektiron na farko da 496, a koma neman na biyu, sai farashin ya yi tsalle zuwa 4562, domin an taɓa cikakken hawa. Magniziyam yana ba da biyu, 738 da 1451, na uku kuwa 7733. Shi ya sa a duk inda aka sami sodiyam a duniya caji ɗaya yake ɗauke da shi, magniziyam da kalsiyam kuma biyu. Akwai kuma wata magana da ake yawan faɗa wa ɗalibai da ya kamata a gyara, wai sodiyam so yake ya yar da ilektiron ɗinsa. Ba haka ba ne. 496 ɗin nan biya ake yi, ba kyauta ba. Kulorin da ya karɓi ilektiron ɗin yana mayar da 349 ne kawai. Abin da ke cike giɓin har riba ta fito shi ne makamashin da ke fita lokacin da ƙwayoyin masu caji mabambanta suka jeru suka manne suka zama ƙwayar gishiri, wajen 787. Sodiyam ya bambanta da niyon ne da cewa kuɗinsa kaɗan ne, kusan kowane ciniki na iya biyansa. Tun farkon duniya aka biya, shi ya sa abin da ayarin Bilma ke ɗauka ba ƙarfen ba ne, ƙwayarsa ce da ta riga ta rasa ilektiron ɗaya ta natsu. Batir ɗin Davy mayar mata da shi ya yi da ƙarfin tsiya.

A wannan siffa mai caji ce jiki da shuka ke aiki da su. Harafin K da manomin masara a Faskari ko Ɗandume ke gani a buhun takin kamfa fotasiyam ne, irin wanda kakarsa ke samu a toka. Sodiyam kuma yana riƙe ruwa a jiki, in ya yi yawa ya wahalar da zuciya. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun danganta yawan ciwon zuciya ga masu jego a yankin da yawan shan kunun kanwa haɗe da tsananin zafin al'adun jego.

A dubi ƙarafan da kakanninmu suka sani: zinariya 890, azurfa 731, jan ƙarfe 745, baƙin ƙarfe 762, kuza 709, dalma 716, zaiba 1007. Duk sun haura 700. Zinariya har tsintar ta ake yi tsurarta a yashi da jijiyar dutse, kamar yadda masu haƙa a Zamfara da Birnin Gwari suka sani. Alminiyam kuwa, mai 578, shi ne ƙarfen da ya fi yawa a ɓawon ƙasa, yana nan jibge cikin farar ƙasar Ƙanƙara, amma ba a fitar da shi ba sai 1825, bai kuma yi arha ba sai bayan 1886 da aka koyi ware shi da lantarki. Tukunyar alminiyam da ke kowane gida yau baƙuwa ce a tarihi. Sai dai kada a ɗora wa adadin nan abin da ya fi ƙarfinsa. Magniziyam 738 ne, dab da jan ƙarfe, amma yana ci da wuta fari fat, jan ƙarfe kuwa a yi munduwa da shi ya shekara ɗari. Dole a duba ilektiron na biyu, da ƙarfin da ke haɗe ƙwayoyin ƙarfen da juna, da yadda ruwa ke rungumar ƙwayar bayan ta sami caji. Litiyam da ke batir ɗin waya da na sola ma haka: a danginsa shi ya fi riƙo, rashin nauyinsa da ƙanƙantarsa ne suka ba shi fifiko.

Lambobin ba su tsaya a ɗakin gwaji ba. Meghnad Saha, ɗan mai ƙaramin kanti daga wani ƙauye kusa da Dhaka, yana koyarwa a Kalkata a 1920 ya fitar da lissafin da ke haɗa zafi da matsi da makamashin fizga, ya faɗi kashi nawa na kowane sinadari zai rasa ilektiron a jikin tauraro. Da shi ya bayyana abin da ya sa ba a ganin alamar rubidiyam da sisiyam sosai a hasken rana: riƙonsu ya yi rauni, zafin rana ya riga ya fizge. Cecilia Payne ta ɗauki lissafin Saha a 1925 ta nuna cewa taurari yawancinsu haidirojin ne da hiliyam. Manyan fannin suka ƙi yarda da farko, daga baya suka dawo kan maganarta.

Labarin da na fi so a ba kowane ɗalibi shi ne na Neil Bartlett. Shekara sittin da wani abu littattafai na koyar da cewa dangin argon ba sa haɗuwa da komai. Bartlett, matashin malami a jami'ar da ke Bankuba ta Kanada, yana aiki da wata jar iska, haɗin filatinam da fulorin, ya gano tana da ƙarfin da take fizge ilektiron daga iskar oksijin kanta, wadda a lokacin aka ƙiyasta kuɗinta ya kai 1175. Yana shirya darasi sai idonsa ya faɗa kan jerin lambobin nan da kowane ɗalibi ke gani, ya ga zenon 1170 ne. A dangin da ba sa taɓuwa ma adadin yana raguwa in an gangara: hiliyam 2372, niyon 2081, argon 1521, kirifton 1351, zenon 1170. In jar iskar ta iya da oksijin, me zai hana ta iya da zenon? Ranar 23 ga Maris 1962, da yamma, ya fasa shingen gilashin da ke tsakanin iskokin biyu, nan take wani abu mai ruwan lemo ya kwanta a jikin kwalbar. Ya fita neman wanda zai nuna wa, ya tarar kowa ya tafi gida. Cikin watanni wasu masana suka haɗa zenon da fulorin kai tsaye, aka shiga gyara littattafai. Abin da Bartlett ya yi amfani da shi bai wuce layi na biyu na abin da yaranmu ke haddacewa ba, sai dai shi ya ɗauke shi da gaske.

A can ƙasan jadawali ƙa'idar kan fara lanƙwasa. Faransiyam, wanda Marguerite Perey ta gano a 1939, yana ƙarƙashin sisiyam, ya kamata riƙonsa ya fi rauni, amma sai aka same shi ya ɗan ɗara, wajen 393. Zinariya ma ta fi azurfar da ke samanta riƙo. Dalili shi ne a manyan ƙwayoyi cajin cibiya kan yi yawan da ilektiron ke gudu da wani babban kaso na saurin haske, sai lissafin Einstein ya shigo, wasu hawan su tsuke su matso ciki. Aunawa kuma tana ƙara wuya, don sinadaran ba sa daɗewa. Sai a 2013 aka auna na astatin a cibiyar CERN da ke kusa da Janeba. A 2015 masana a Japan suka auna na lorensiyam, sinadari na 103, suna ƙera ƙwayoyinsa ɗai-ɗai a na'ura, rabinsu na rushewa cikin daƙiƙa 27. Suka sami kimanin 479, ƙasa da na sodiyam, kusan daidai da abin da lissafi ya hango. Sakamakon ya sake tayar da tsohuwar gardama kan ko lorensiyam da lutetiyam ne ya kamata su zauna ƙarƙashin sikandiyam a rukuni na 3, ko lantanam da aktiniyam, kuma jadawalan da ake bugawa ba su zama ɗaya a wannan gurbi ba.